Cututtukan jima'i da ba sa nuna alama: Wa ya kamata a gwada, me ake nema, kuma wa zai biya?

A watan Mayun 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Dokar ta hana ɗaura aure sai ango da amarya sun gabatar da takardar shaidar gwajin HIV, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin sikila, daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. Wanda ya karya ta na iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun.

Da wannan mataki, wani batu da masana kiwon lafiya suka daɗe suna tafka muhawara a kansa ya shigo zauren ɗaurin aure, wato gwada mutumin da ke jin kansa garau, ba ya ciwo, ba ya kuka da komai. Hujjar yin hakan a fili take. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska ba ta ba da labarin waɗannan cututtuka. Mafi yawan masu ɗauke da su ba su san suna da su ba, tsarin kiwon lafiyar Najeriya kuwa an gina shi ne a kan jiran wanda ya zo da kuka. Gwaji na iya cike wannan giɓi, amma sai an yi shi ga wanda ya dace, a lokacin da ya dace, kuma magani ya biyo baya.

Mene ne gwajin tantancewa?

Gwaji iri biyu ne a aikin likita. Akwai wanda ake yi wa marar lafiya domin a gano abin da ke damunsa. Akwai kuma gwajin tantancewa, wanda ake yi wa mutanen da ba su da wata alama, domin a zaƙulo masu cuta tun kafin ta yi musu illa ko su yaɗa ta.

A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta wallafa ƙa'idoji goma na irin wannan gwaji, waɗanda masana biyu, Wilson ɗan Birtaniya da Jungner ɗan Suwidin, suka tsara. Har yau da su ake auna kowane shiri na tantancewa. Daga cikinsu akwai cewa cutar ta kasance babbar matsala ga jama'a, ta kasance tana da lokacin da take ɓoye a jiki, a sami gwajin da mutane za su yarda da shi, a sami maganin da aka amince da shi tare da wurin bayar da shi, kuma kuɗin da za a kashe ya daidaita da amfanin da za a samu. Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce aikin ya zama mai ɗorewa, kada a yi shi sau ɗaya a naɗe tabarma.

Cututtukan da ke shiga ba sallama

Ƙwayoyin cuta sama da 30 ne ake ɗauka ta hanyar jima'i, amma takwas ne suka fi yawa. Huɗu daga cikinsu ana warkar da su: tunjere, da gonoriya, da kilamidiya, da tirikomonas. Sauran huɗun, wato HIV, da ciwon hanta nau'in B, da hafis, da HPV, ƙwayoyin bairos ne da ake iya danne su da magani, wasu kuma a kare su da rigakafi.

WHO ta ƙiyasta cewa a 2020 an sami sabbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗun da ake warkarwa, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49 a duniya: tirikomonas miliyan 156, kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tunjere miliyan 7.1. Hakan na nufin sama da miliyan ɗaya a kowace rana, kuma akasarinsu ba tare da wata alama ba.

Kilamidiya ce ta fi iya ɓuya. Yawancin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, haka ma maza da dama. In ba a yi magani ba, kimanin mace 10 zuwa 15 cikin 100 cutar kan hau zuwa mahaifa da bututun ƙwai, ta bar tabo. Tabon ne ke toshe hanya, ya jawo rashin haihuwa, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan iya halaka mace cikin sa'o'i idan bututun ya fashe. Gonoriya, wadda aka fi sani da ciwon sanyi, kan bayyana a jikin namiji da zafin fitsari da fitar mugunya, amma a jikin mace sau da yawa shiru take yi, alhali irin wannan ɓarnar take yi mata. Wani bincike da WHO ta gudanar a ƙasashe da dama, aka wallafa a 1985, ya gano cewa sama da kashi 85 cikin 100 na matan Afirka da aka duba saboda rashin haihuwa, matsalarsu ta samo asali ne daga wata cuta da ta taɓa kama su. A gidaje da yawa mace ce ke shan gorin rashin haihuwa, ba tare da an tambayi inda cutar ta fito ba.

Tunjere kuwa salon yaudararsa daban ne. Kimanin mako uku bayan kamuwa, wani gyambo marar zafi kan fito a inda ƙwayar ta shiga, ya warke da kansa cikin mako uku zuwa shida. Mai shi sai ya ɗauka ya rabu da shi, ko ya yaba wa jiƙon da ya sha. Cutar na nan a jini, tana iya yin shekaru a kwance kafin ta taɓa zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko idanu.

HIV na iya yin shekaru masu yawa kafin jiki ya fara gazawa. Ciwon hanta nau'in B kan yi gomman shekaru yana cin hanta, sau da yawa sai ta ƙeƙashe ko ta kamu da sankara ake farga. HPV kuwa shi ne sanadin kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, wadda a 2020 aka ƙiyasta ta kama mata 12,000 a Najeriya, ta kashe 8,000.

Tsarin da ke jiran alama

A yawancin asibitocin matakin farko, ma'aikacin lafiya ba ya aika samfuri ɗakin gwaje-gwaje. Yakan saurari kukan marar lafiya, ko fitar ruwa ne, ko gyambo, ko ciwon mara, ya bi jadawalin da aka tsara, ya ba da magungunan da za su kashe duk ƙwayoyin da ake zargi. WHO ce ta yaɗa wannan tsari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma yana da fa'idarsa: ba shi da tsada, ana kuma samun magani a rana ɗaya. Wani gwajin da aka yi a yankin Mwanza na Tanzaniya, aka wallafa a 1995, ya nuna cewa inganta irin wannan magani ya rage sabbin kamuwa da HIV da kimanin kashi 40 cikin 100.

Sai dai tsarin na da rauni ta fuska biyu. Wanda ba shi da alama ba ya shiga cikinsa ko kaɗan. Sannan matan da ke zuwa da kukan fitar ruwa ko ƙaiƙayi, akasari abin da ke damun su shi ne yawaitar ƙwayar yis ko rikicewar bakteriyar da ke zaune a farji tun asali, waɗanda ba a lissafa su cikin cututtukan jima'i. Ta haka mai cutar ke yawo ba magani, wadda ba ta da ita kuma tana shan maganin da ba ta buƙata.

Harshe ma ya ƙara dagula lamarin. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake zuba komai a ciki: gonoriya, da ƙaiƙayi, da ciwon baya, da raunin mazakuta. A kan wannan kalma masu tallar magani da lasifika ke cin kasuwa, haka wasu masu kemis. Ga kuma imanin cewa a masai ake kwasar cutar. Ba a ɗaukar kilamidiya, ko gonoriya, ko tunjere ta hanyar tsugunawa a bayan gida.

Inda gwajin ya fi ceton rai: awon ciki

In akwai wurin da masana ba su da saɓani, to ɗakin awo ne. WHO ta ce a gwada kowace mai juna biyu don HIV, da tunjere, da ciwon hanta nau'in B, aƙalla sau ɗaya, kuma tun a zuwan farko.

Tunjere ne ya fi nuna dalili. Ƙwayarsa na ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. In ba a yi wa uwa magani ba, rabi ko fiye na irin waɗannan cikunna kan ƙare da ɓari, ko haihuwar gawa, ko bakwaini, ko jaririn da ya zo da cutar. A duniya, zazzaɓin cizon sauro ne kawai ya fi shi jawo mutuwar jarirai a ciki daga cikin cututtukan da ake ɗauka. WHO ta ƙiyasta cewa a 2022 masu juna biyu miliyan 1.1 ne suka kamu da shi, abin da ya jawo munanan sakamakon haihuwa sama da 390,000. Matar da take ta binne jarirai ɗaya bayan ɗaya, a ce mata mai wabi ko a danganta abin da iska, tana buƙatar gwajin jini, domin tunjere na cikin abubuwan da ke jawo haka.

Maganin kuwa tsoho ne, mai araha: allurar fenisilin nau'in benzatin. Guda ɗaya ta isa idan kamuwar sabuwa ce, guda uku a mako uku idan ta daɗe ko ba a san lokacinta ba. In an yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, tana kare jariri. Tun 2019 WHO ta ba da shawarar amfani da tsinken gwaji guda da ke duba HIV da tunjere a ɗigon jini ɗaya, kuma a 2021 farashinsa ga ƙasashe masu tasowa ya sauka ƙasa da dala ɗaya.

A ɓangaren HIV, idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu cutar kan kamu a lokacin ciki, ko haihuwa, ko shayarwa. Da magani adadin na sauka ƙasa da 5. Shi kuma ciwon hanta nau'in B, jaririn da ya kamu a wajen haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar kan zauna masa har girma, shi ya sa ake son a yi wa kowane jariri allurar rigakafinsa cikin sa'a 24 na farko. A 2015 Kyuba ta zama ƙasa ta farko da WHO ta tabbatar ta kawar da yaɗuwar HIV da tunjere daga uwa zuwa jariri.

Matsalar Najeriya ta fara ne daga ƙofar asibiti. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na mata ne suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya a lokacin goyon ciki, kashi 18 kacal suka fara awo a wata ukun farko, kashi 39 kuma suka haihu a asibiti. Alƙaluman Arewa maso Yamma sun gaza na ƙasa. Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito, musamman na fari, da nisan asibiti, da jiran izini ko kuɗin mota, duk suna cinye watannin da gwajin ya fi amfani a cikinsu.

Bayan masu juna biyu, sai wa?

HIV. Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a faɗin ƙasa. Adadin ya kai kashi 3.1 a Kudu maso Kudu, ya sauka zuwa 0.6 a Arewa maso Yamma. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar na ba da shawarar kowa daga shekara 13 zuwa 64 ya yi gwajin aƙalla sau ɗaya, wanda ke cikin haɗari kuma ya maimaita duk shekara. Akwai kayan gwajin da mutum zai yi wa kansa a ɗaki, amma sakamakon da ya nuna akwai cuta sai an tabbatar da shi a asibiti.

Ciwon hanta nau'in B. Binciken na 2018 ya sami cutar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato ta ninka HIV sau biyar da ɗoriya. WHO na ba da shawarar a buɗe gwajin ga dukkan manya a duk inda adadin ya kai kashi 2. Wanda aka samu ba shi da ita sai ya karɓi rigakafi.

Kilamidiya da gonoriya. A nan ba a gwada kowa da kowa. Kwamitin ƙwararru na Amurka ya ce a gwada matan da suka fara jima'i masu shekara 24 zuwa ƙasa, da waɗanda suka haura haka idan suna cikin haɗari. Ingila, wadda ta fara shirinta na tantance kilamidiya a 2003, ta mayar da hankalinsa kan 'yan mata a 2021, saboda su ne cutar ke yi wa illa mai ɗorewa. A Yulin 2025 WHO ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masu cutar da ba su da alama, inda ta ba da shawarar gwaji ga masu juna biyu, da matasa, da mata masu zaman kansu, da mazan da ke neman maza, a wuraren da cututtukan suka yi yawa kuma akwai halin yi.

HPV. WHO ta ce mata su fara gwajin a shekara 30, su maimaita duk shekara 5 zuwa 10, masu HIV kuma su fara a 25, duk shekara 3 zuwa 5. Ba a gwada 'yan mata ƙanana domin jiki kan kawar da ƙwayar da kansa cikin shekara biyu a mafi yawan lokuta. Su nasu kason shi ne rigakafi, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023.

Gwajin HIV, da tunjere, da ciwon hanta, ɗigon jini ne daga yatsa, a sami sakamako cikin minti 20 ko ƙasa. Na kilamidiya da gonoriya yana buƙatar fitsarin farko, ko samfurin da mace za ta iya ɗauka da kanta, sai na'urar da ke gano ƙwayoyin halittar cutar.

Gwajin kafin aure: ƙarfinsa da iyakarsa

Tun kafin dokar 2024, Hukumar Hisba ta Kano na gwada waɗanda za a aurar a shirin auren zawarawa da aka fara a 2012. Amfanin gwajin babba ne, domin yana kai maza ɗakin gwaji, su da ba su da awon ciki da zai kai su. Amma takardar na da iyaka huɗu.

Ta farko, akwai tazara tsakanin shigar cuta da lokacin da gwaji ke iya ganin ta. Tsinken gwajin HIV da ke neman garkuwar da jiki ya samar kan fara gano cutar ne tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje da jinin jijiya na rage tazarar zuwa kwana 18 zuwa 45. Wanda ya kamu mako biyu kafin gwaji zai iya karɓar takarda mai tsabta, alhali a wannan lokaci ne ƙwayar ta fi yawa a jininsa. Saboda haka ake maimaita gwaji bayan wata uku idan akwai shakka. Wanda kuma ya san ya shiga haɗari, kamar wadda aka yi wa fyaɗe, bai kamata ya jira ba: akwai maganin kariya da ake farawa cikin sa'a 72.

Ta biyu, takardar hoton yini guda ce. Binciken 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan aure a Najeriya na da kishiya. Cutar da ta shiga irin wannan gida ta ƙofa ɗaya za ta zaga dukkan ɗakuna, kuma gwada amarya da ango ba ya faɗin halin da uwargida ke ciki.

Ta uku, kilamidiya da gonoriya, waɗanda su ne ke toshe bututun ƙwai, tsinken gwajin jini ba ya ganin su.

Ta huɗu ita ce fassarar da jama'a ke yi wa sakamako. A ƙasashen Afirka da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, akasarin masu shi sun same shi ne a wajen haihuwa ko suna ƙanana, ta hanyar jini, kamar askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita. Samun sa a jikin budurwa ko saurayi ba shaidar alfasha ba ce, ba kuma dole ne ya rushe aure ba, tunda ana iya yi wa ɗayan rigakafi. Haka mai HIV da ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i, matsayar da WHO ta jaddada a 2023. Inda aka bar sakamako ya zama abin tsegumi a unguwa, masu tsoro za su nemi takardar bogi ko su kai ɗaurin auren wata jiha.

Kuskuren gwaji, da gwajin da ba shi da amfani

Babu gwajin da ba ya kuskure, kuma kuskuren ya fi fitowa idan ana gwada masu lafiya a inda cutar ba ta da yawa. Ga misali na lissafi: a ɗauki mutum 10,000, 60 daga cikinsu na da cuta, a gwada su da abin da ke faɗin daidai sau 99 cikin 100. Zai kama 59 daga cikin masu cutar, amma zai kuma yi wa kimanin mutum 99 masu lafiya ƙarya. Waɗanda aka tsorata a banza sun fi masu cutar yawa. Wannan ne ya sa tun 2019 WHO ta ce kada a sanar da mutum yana da HIV sai gwaji uku daban-daban a jere sun nuna haka. Tsinken gwajin tunjere ma yakan ci gaba da nuna alama har bayan an warke, don haka wanda ya taɓa yin magani yana buƙatar gwaji na biyu da ke nuna ko cutar na raye.

Akwai kuma gwaje-gwajen da suka fi amfanar mai ɗakin gwaji. Kwamitin ƙwararru na Amurka ya hana gwajin jini na hafis ga wanda ba shi da alama, saboda yawan sakamakon ƙarya da tashin hankalin da yake jawowa. Sai "istaf", da ake yawan rubuta wa mata da maza a takardar sakamako. Wannan bakteriya na zaune a fata ko hancin kusan mutum ɗaya cikin uku masu ƙoshin lafiya, tana iya faɗawa cikin samfuri a wajen ɗauka, kuma ba a lissafa ta cikin cututtukan jima'i. Irin wannan gwaji na shuka samfuri a faranti ba ya ma iya gano kilamidiya, domin ita a cikin ƙwayoyin halittar jiki kawai take girma.

Bayan sakamako

Gwajin da magani bai biyo bayansa ba, tashin hankali kawai ya ƙara. Idan an sami cuta, dole a yi wa abokin tarayya magani a lokaci guda, a gidan mai mata fiye da ɗaya kuwa a haɗa da kowa, in ba haka ba cutar za ta yi ta kai-komo. Ana ƙaurace wa jima'i na kwana bakwai, a kuma sake gwajin kilamidiya da gonoriya bayan wata uku, saboda yawan sake kamuwa. Sanar da miji na iya jefa mace cikin duka ko saki ko da daga gare shi cutar ta fito, shi ya sa ake son ma'aikacin lafiya ya taimaka wajen sanarwar, da yardarta.

Sayen magani a kemis bisa zato na da nasa haɗarin. Ƙwayar gonoriya ta riga ta bijire wa fenisilin, da tetarasaikilin, da sifirofulokzasin a sassa da dama na duniya. Allurar seftirayakzon ce babban makamin da ake dogara da shi, kuma an fara samun nau'o'in da ke jure mata a wasu ƙasashe.

Abin da doka ta tanada

Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta wa masu ɗaukar ma'aikata sanya gwajin HIV a matsayin sharaɗin ba da aiki, ta kuma kare sirrin mai cutar. Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, ta wajabta wa asibitoci riƙe sirrin marasa lafiya. Dokar Kano kanta ta hana tsangwamar masu HIV, da sikila, da ciwon hanta. Ƙa'idojin WHO na gwajin HIV sun ginu a kan yarda, da sirri, da shawarwari, da ingantaccen sakamako, da haɗa mutum da magani, kuma hukumar ba ta goyon bayan gwajin dole. Wannan ya ɗora wa duk jihar da ta wajabta gwaji nauyin nuna yadda za ta kare sauran sharuɗɗan huɗu, musamman ganin takardar na ratsa hannun waliyyai da limamai.

Wa zai biya?

Shekaru sama da 20 ke nan gwaji da maganin HIV a Najeriya sun dogara ga tallafin waje, musamman shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003 da Asusun Global Fund. Hakan ya sa gwajin HIV ya zama kyauta a asibitocin gwamnati da dama, yayin da cututtukan da ba su da mai ɗaukar nauyi suka koma aljihun marar lafiya, a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya ke fitowa daga aljihun jama'a. Da gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen maganin HIV, majalisa kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Duk da haka kasafin tarayya bai taɓa kaiwa kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya a Abuja a 2001 ba.

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar sabon gini. Na'urorin GeneXpert da aka girka a asibitoci domin gwajin tarin fuka na iya gano kilamidiya da gonoriya cikin kimanin minti 90, idan an sayi kayan aikinsu. Tsinken da ke duba HIV da tunjere tare na iya maye gurbin na HIV kaɗai a kowane ɗakin awo.

Mai son auna aikin gwamnatin jiharsa a wannan fanni na da tambayoyi huɗu da ma'aikatar lafiya ke da alƙalumansu, ko ya kamata ta kasance tana da su: masu juna biyu nawa aka gwada don tunjere a bara, nawa daga cikin waɗanda aka samu da shi aka yi wa allura, asibitocin matakin farko nawa ke da fenisilin ɗin a ajiye, kuma jarirai nawa suka sami rigakafin ciwon hanta a ranar da aka haife su. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin tarayya kwana bakwai su amsa irin wannan buƙata idan an rubuta musu.